Abin da Tela Ta Haɗiye

Tela ba ta taɓa sanin hanta ma tana ciwo ba sai ranar da ta je awon cikinta na fari. Ta bar rigar mutane a ƙarƙashin allurar keke, ta ce wa mai shagon kusa da ita yanzu za ta dawo. Asibitin nan kuwa tsarinsa ba ɓoyayye ba ne, zama kaɗan a benci zai koya maka shi. In an ɗebi jini, wanda ya fita lafiya ta taga ake kiransa, a miƙo masa takardarsa ya kama gabansa. Wanda aka ga wani abu a jininsa, ƙaramar ƙofar gefe ake buɗe masa, ya shiga a mayar a rufe. Tela tana ta zuba wa taga ido, sai aka buɗe mata ƙofa.

Nas ɗin da ke ciki dattijuwa ce mai gilashi a karan hanci, ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta ce, "'Yata, ciwon hanta ne, irin wanda muke ce wa nau'in B. Kada ki zaro min ido, ba ke kaɗai ba ce. Da wuya rana ta faɗi ban buɗe wa wani ƙofar nan ba, kuma yawancinsu da ƙafarsu suke zuwa, garau, ba su san suna ɗauke da komai ba. Ana samunsa wajen uwa lokacin haihuwa, ana samunsa ta reza ko allurar da wani ya yi amfani da ita, ana kuma samunsa a shimfiɗa, balle ga mai yawon shimfiɗu ba kwaroron roba. Jaririnki za mu yi masa allura ranar da ya faɗo, in sha Allahu zai tsira. Ki turo min mijinki. In yana da shi mu sa masa ido, in ba shi da shi akwai rigakafi."

Mijin nata Injiniya ake ce masa, duk da bai taɓa leƙa ajin injiniyanci ko ta taga ba. Rijiyar burtsatse yake haƙa wa mutane, shi da motarsa mai dogon ƙarfe da leburorinsa. Su tafi wani gari su share makonni, ya dawo da laka a takalmi da sabon turare a riga. Tela ba yarinya ba ce. Ta san turaren da ba nata ba, ta san wayar da ake fita tsakar gida a amsa ƙasa-ƙasa. Ta yi ta haɗiyewa, don an ce mata duk maza haka suke, wanda ya dawo gida shi ne naka.

Ta gaya masa yana cikin wanke ƙafa. Ya ajiye butar, ya ɗago hannayensa masu kauri kamar turmi ya juya mata su.

"Dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai ciwo?"

"An ce ba a gani a jiki."

"An ce! To ni ina gani. Ina ganin ƙartin da ke shiga shagonki kina ɗora musu tef a ƙirji."

Kai, namiji! Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, Injiniya kuwa ya iya naɗi. Kafin Tela ta gama mamaki ya riga ta kai ƙara. Aka taru a falon mahaifinta, tsohon kafinta ne, mutumin da bai taɓa cin bashin magana ba a unguwa. Kawunnai suka cika kujeru, gwaggonni suka zauna a ƙasa. Injiniya ya miƙe tsaye, ya rantse da girman Allah ya je an gwada shi ba a ga komai ba. Ba wanda ya ce ina shaida, wa zai tambayi wanda ya rantse? Sannan ya kawo maganar ciwon shimfiɗa ne, ya kawo maganar maza masu zuwa awon riga, ya ƙare da cewa shi cikin ma bai san na waye ba. Ya furta kalmar nan da ba a faɗa wa 'yar mutane, a gaban ubanta, ya sake ta a wurin.

Tela ta yi rantsuwa ita ma, amma tata da kuka ta fito, kukan kuma aka ɗauka na wadda asirinta ya tonu ne. Ta juya wajen mahaifinta. Tsohon bai dube ta ba. Ya tashi ya shige ɗakin aikinsa, aka ji ƙarar zarto.

Tun daga ranar, in ta durƙusa ta ce "Baba, ina kwana," sai ya ci gaba da goge katakonsa kamar iska ce ta wuce. Bai kore ta ba, bai zage ta ba, da ma zagin ya yi. Ta haifi 'yarta mace, aka yi mata allura a ranar, tsohon bai karɓi jaririyar ba. Matan aure suka janye ɗinkinsu ɗaya bayan ɗaya, wata har ta aiko a karɓo mata yadinta ba a yanka ba. Duk wannan Tela ta iya ɗauka. Abin da ke tashinta tsaye shi ne keyar ubanta. So take tsohon nan ya juyo ya amsa gaisuwarta kafin ɗayansu ya mutu, kuma ta san ba zai juyo ba sai ya ga ƙaryar Injiniya da idonsa. Ta tsani Injiniya tsana mai tsanani, irin wadda ke sa mutum ya manta bai ci abinci ba. In tana taka keke, wuyansa take gani a ƙarƙashin allura.

To ta yaya za a kai ƙato asibiti a ɗebi jininsa, shi da ya rantse? Ta aika kawunta, Injiniya ya yi masa dariya. Ta je da kanta gareji inda yake ajiye mota, ya sa leburori suka yi mata ihu. Ta dawo shago ta zauna, ta yi ta warware ɗinkin da ba shi da laifi.

'Yar Tela ta fara tafiya sa'ad da labari ya zo Injiniya zai yi aure. Ba a daɗe ba, wata rana da azahar, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagon da leda a hannu. Doguwa ce, ba yarinya ba, akwai farin alli a gefen mayafinta. Ta zauna a kan kujerar masu jira, ta ciro yadi ta ce riga take so, mara hayaniya. Tela ta ɗauko tef ta fara awo. Tana kan kafaɗa matar ta yi magana.

"Yaya, ba zan ɓoye miki ba, rigar hujja ce kawai. Ni ce wadda tsohon mijinki ke nema. Malamar firamare ce ni, mijina ya rasu ya bar min yara biyu. Na ji maganganu iri-iri, ni kuma ba na gina gida a kan jita-jita. Na ce bari in zo wajenki, mace da mace. Don Allah, me ya raba ku? In akwai abin da ya kamata in sani, ki gaya min. Ba don ni ba, don marayun nan."

Akwai fil-fil a bakin Tela, shi ya ba ta lokaci. Maganar tana nan a kan harshenta, gajeriya, ba ta kai tsawon zaren maɓalli ba: ki sa a gwada shi, ke kuma ki je a yi miki rigakafi kafin ki tare. Nas ta gaya mata, ta sani sarai. Amma a daidai lokacin wani tunani ya faɗo mata, ya zauna daram. In Malama ta yi rigakafi, ta tsira, Injiniya ma ya tsira, ƙaryarsa ta zauna har abada. In kuwa ta shiga gidan haka, ba da jimawa ba za ta yi ciki, ta je awo, a buɗe mata ƙofa. Mata biyu, miji ɗaya, ciwo ɗaya. Ita ma Malamar maza take aunawa? Nan ne za a ga ƙarshen rantsuwa.

Ta ce a ranta, ai ba mutuwa za ta yi ba. Ni na mutu ne? Ga ni ina taka keke. Nas ma ta ce manya da yawa jikinsu kan kore shi da kansa.

Ta zare fil-fil ɗin daga baki ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a hannun rigarta.

"Malama, zama ne ya ƙare. Ba wani abu. Mutum ne mai nema, ba ya barin gida da yunwa."

"Maganar ciwon fa?"

"Nawa ne. Ƙaddarata ce. Shi ai kin ga ya rantse."

Malama ta daɗe tana kallonta, sannan ta sauke ajiyar zuciya, ta kama hannunta da hannu biyu. "Allah ya saka miki da alheri, Yaya. An ce min za ki ɓata shi, ga shi ba ki yi ba. Kin sauke min dutse daga ƙirji."

Tela ta ɗinka rigar nan da kyau, wallahi ba ta taɓa yin ɗinki mai tsabta kamarsa ba. Ta goge ta, ta ninke, ta aika.

Aka yi aure, Tela ta zauna jira. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, ita kuwa ta hura wuta ta zauna a gindin murhu. Duk wadda ta shigo shago daga unguwarsu Injiniya, sai ta ja ta da hira: ya amarya, ta fara tofar da yawu? Ana ce mata amarya lafiya, kullum tana wucewa makaranta da yaranta biyu riƙe da hannu. Sai ta ji haushi, ta ƙara wa keke wuta. Kada ku ce ba ta san abin da take yi ba. Ta sani, kuma duk safiyar da ta durƙusa ta gai da bayan ubanta ya yi shiru, sai ta tashi da ƙarin ƙarfin jira.

Ba cikin ne ya zo ba. Watanni kaɗan da tarewa aka ce Malama ta bar zuwa makaranta, zazzaɓi da amai. Aka ce shawara ce, idonta ya koma rawaya. Aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida, abu ya ƙi, aka kwashe ta sai asibiti. Mai shagon kusa ce ta kawo sauran labarin tana haki: likita ya ce a gwada mijin, Injiniya ya fara borin da ya saba, amma wannan karon ya taro wanda ya fi ƙarfinsa. Malama tana da yayye maza, babbansu mahauci ne, ya ce gobe da safe ko dai Injiniya ya kai hannunsa a ɗebi jini, ko shi ya ɗiba da kansa.

Tela ta rufe shago da rana tsaka. Ta tafi ɗakin aikin mahaifinta, ta tsaya a cikin ɓawon katako, wannan karon ba ta durƙusa ba.

"Baba, ba na roƙon ka amsa min. Gobe da safe ka zo asibiti ka zauna a bencin masu gwajin jini. Ka zauna kawai. In ka tashi ba ka ga komai ba, na ɗauki 'yata na bar maka garin, ba za ka ƙara jin muryata ba."

Zarto ya tsaya, ya ci gaba. Amma da safe tana isa ta tarar da shi a ƙarshen bencin, da hularsa ta fita, yana kallon ƙasa. Ta zauna nesa kaɗan, ta yi magana kamar da bango take yi. Ta ce wanda ba shi da komai ta taga ake kiransa, wanda ke da shi ta ƙofar can.

Ga Injiniya a tsakiyar yayyen Malama, an riga an ɗebi jinin, yana danne auduga a gwiwar hannu, gumi na bin wuyansa. Ya hango Tela, ya kau da kai. Ita kuwa ta gyara zama, ta zuba masa ido ba ƙiftawa. Taga ta buɗe, aka kira wata mai goyo. Ta sake buɗewa, aka kira wani ɗan sanda. Duk buɗewar da za ta yi sai Injiniya ya ɗaga ɗuwawu, a kira wani, ya koma. Daɗi ya rinƙa ratsa Tela har yatsun ƙafa. Rana dubu ta ɓarawo!

Ƙaramar ƙofa ta yi ƙara. Nas mai gilashi ta leƙo ta yafito shi.

Da ya fito, mahaucin bai tambaye shi komai ba, ya cakumi wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango. A nan ne Injiniya ya kashe kansa da bakinsa, wai shi kare kai yake yi.

"Wallahi ban san yana nan ba! Tun ina saurayi ne, na je ba wani yaron aikina jini suka ce ina da shi. Na sha magani, jarka guda na shanye, mai maganin ya ce ya wanke tas! Ban taɓa ko ciwon kai ba!"

"Tun kana saurayi?" in ji mahaucin.

"Tun kafin in yi auren fari ma!"

Injiniya ya ji abin da ya faɗa bayan kowa ya riga ya ji. Tela ta miƙe a hankali, ta taka har gabansa. Ta daɗe tana tanadin zagi, buhu-buhu, amma da ta zo sai ta ga ba ta bukatarsa.

"Sake faɗa, Injiniya. Tsohon can kunnensa ya yi nauyi."

Bai sake ba, ba a kuma bukata. Tsohon kafinta ya riga ya taso, yana tafe yana dafa bango. Ya wuce surukinsa na da kamar bai gan shi ba, ya tsaya a gaban 'yarsa.

Tela ta durƙusa a kan simintin asibiti, a gaban kowa. "Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Lafiya lau." Hawaye suka bi gemunsa. "Na zalunce ki. Ki yafe wa tsohon banza. Ina jikata? A kawo min jikata."

Abin da ta jira ke nan, kuma ya zo cif yadda ta so shi, har da ƙari. Ta ji kamar ta yi guɗa. Tana riƙe da hannun tsohon tana dariya tana kuka, sai wata ƙanwar Malama ta taɓa kafaɗarta, ta ce mara lafiya ta ji an ce tana nan, tana son ganinta ita kaɗai.

Ɗakin yana warin magani. Gadon Malama na can ƙarshe, bayan labule. Tela ta ɗaga labulen. Ba wannan ta yi lissafi ba. Doguwar matar nan ta zama ƙashi, fatarta da idonta sun rine rawaya, leɓenta ya tsattsage, ga robar ruwa a hannu. A bakin ƙofa ta ji likita na gaya wa dangi cewa irin wannan mai tsananin ba kasafai ake ganinsa ba, amma in ya zo hantar takan tsaya gaba ɗaya, su dai yi ta addu'a.

"Yaya," in ji Malama. Muryar a shaƙe, amma hankalinta na nan. "Matso."

Tela ta matsa.

"Nas ta ce akwai rigakafi. Ta ce duk wadda suka buɗe wa ƙofa suna gaya mata." Ta tsaya ta nemi numfashi. "An gaya miki?"

Tela ta nemi ƙarya, ita da ta yi wadda ta fi wannan ba ta ƙifta ba. Ta rasa.

"An gaya min."

"Na zo har shagonki. Na ce miki don marayu."

"Na ɗauka... Malama, wallahi na ɗauka kamar nawa zai zo miki. Na ɗauka a awo za a gani kawai."

"Shaida kike nema."

Tela ta sunkuyar da kai.

"Kin samu?"

"Na samu."

Malama ta lumshe ido, har Tela ta zaci barci ya ɗauke ta. Sai ta buɗe su, rawaya fal, ta kafe ta da su.

"Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Yayana zai iya yanka ki, ni kuwa ba na son ya tafi gidan yari, shi zai riƙe min yara. Ki je ki ci sunanki, an wanke miki shi. Shi wancan jahili ne, na bar shi da jahilcinsa. Ke kuwa kin sani, kina kallon idona." Ta haɗiyi yawu da ƙyar. "Ban yafe ba. Ko na tashi ko ban tashi ba, ban yafe miki ba. Saki labulen."

Tela ta saki labulen. A bakin ɗakin yara biyu na zaune a ƙasa da kayan makaranta, babbar tana ɗaure wa ƙaramin igiyar takalmi. Ta ratsa ta gefensu ba ta yarda ta dube su ba.

Tsohon yana jiranta a ƙofar fita, ya share fuska, har ya tsayar musu da mota. Rabon da ta ga haƙoransa ta manta.

"Baiwar Allahn nan, ya jikin nata? Yanzu ƙanwarta ke ba ni labari, wai kafin auren ta je wajenki, ba ki faɗi aibinsa ko ɗaya ba, duk abin da ya yi miki. Na ce ai 'yata ce, haka na rene ta. Allah ya yi miki albarka. Me ta ce miki?"

Direba ya danna ham. Tela ta buɗe wa mahaifinta ƙofa, ta riƙe masa gwiwar hannu har ya zauna.

"Gaisawa kawai muka yi, Baba."